Kunnen Baƙuwa

Ɗanladi ya iso gida ranar Juma'a da yamma a kan sabon babur ja, ko ledar kujerar bai cire ba. Tun daga hanyar Zandam aka ji ƙararsa. A shekarar ne gwamnati ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi, ta haɗa musu da na watannin baya a dunƙule, kuma kusan duk malamin firamare da ke Birnin Kudu abin da ya yi da nasa ke nan. Ɗanladi ya ƙara da rediyo da takalma masu tsini. Hutun Ista ya kawo shi.

Unguwar tasu gidaje ne kaɗan na masu bi, da ƙaramar majami'ar ƙasa mai rufin ciyawa. Kowa ya fito kallon babur ban da uwarsa Jummai. Tana bayan ɗaki inda saniya take a turke, tana farfasa mata 'ya'yan gawo a turmi.

"Inna, sannu da gida."

"Sannu. Kashe wannan abin, yana firgita Baƙuwa."

Ya kashe. Ta juyo ta karkata kai gefe guda don ta dube shi. Idonta na hagu ya yi fari fat kamar an ɗiga nono. Na dama ja ne, yana ta ruwa. Gashin idon ne ya juya ciki yana kartar ƙwayar duk sanda ta ƙifta. A wuyanta akwai matsefata a zare, da ita take tsige gashin, bayan kwana biyu ya sake tsirowa da kaifi.

"Tun yaushe na hagun ya zama haka?"

"Ya yi ritaya. Ai kai ma'aikaci ne, ka san ritaya."

"Na daman fa?"

"Na dama yana ganin abin da ya ga dama."

Bai yi dariya ba. Ya san ciwon. Wani malamin asibiti a Birnin Kudu ya taɓa gaya masa cewa a Kano ana yanka fatar idon a mayar da gashin waje, amma in an bar shi ya ci gaba da karta, damina ɗaya ta isa idon ya bi ɗan'uwansa. Zuwa Kano kuwa akwai kuɗin mota, da na aiki, da na masauki, da cin mai jinya. Ɗanladi ya dubi babur ɗin da ke jingine da danga. Duk abin da ya samu yana nan tsaye a kan taya biyu.

Saniyar ba tasu ba ce. Ta Buba ce, wani Bafulatani da kowane rani yakan sauka da garkensa a gonar Shekarau, mijin Jummai, shanu su yi taki, shi kuma a ba shi dawa. A shekarar babban fari, da rijiyoyi suka ƙafe, Buba ya kaɗa abin da ya rage masa ya nufi kudu. Wannan farar saniya tana da tsohon ciki, ba za ta iya tafiyar ba. Ya ɗaure ta a gidan Shekarau, ya ce amana, in an yi ruwa zai dawo. An yi ruwa, bai dawo ba. Shekarau kuma bai ga ruwan ba, amai da gudawa ya ɗauke shi da bazara.

Saniya ta haihu, ɗan maraƙin bai yi ƙarko ba. Jummai ta sa aka feɗe shi, ta shanya fatar, ta naɗe ta rataye a ɗakinta. Haka ƙa'idar kiwo take a wannan yanki: dabbar amana in ta mutu, sai ka nuna wa mai ita shaida. In ƙarama ce, fata. In babba ce, kunnen da ke ɗauke da tsagar gidansu. Da ka nuna magana ta ƙare, ba rantsuwa ba zuwa gaban alƙali.

Awakinta ta fara sayarwa ta sayi dusa da kanwa. Tasoshin aurenta suka bi baya. Da ciyawa ta ƙare a daji sai ta zare bunun ɗakin girki, ta jiƙa da ruwan kanwa ta ba ta. Shanun masu hali sun mutu a wannan shekarar, Baƙuwa ba ta mutu ba.

Da hantsin Asabar Sada mahauci ya zo. Tare suka yi kiwon awaki da Ɗanladi kafin 'yan mishan su ɗauke shi zuwa makaranta can bayan Jos, shi kuma Sada ya gaji wuƙar ubansa. Yanzu shi ke kai nama sansanin kamfanin da ke shimfiɗa kwalta.

"Malam Ticha, an ce ka auro ja, na ce bari in zo ganin amarya."

"Kada ka taɓa min ita da hannun kitse."

"Sadakin fa?"

"Duk abin da na mallaka."

"Haka auren 'yan boko yake. A kai amarya ɗaki, a kwana da yunwa."

Ya zaga babur ɗin, ya leƙa fuskarsa a madubi, ya gyara hula. Daga nan idonsa ya sauka a kan saniya, ya manta da babur. Ya je ya matsa tozonta, ya shafa haƙarƙari.

"Wannan ce ta cinye tasoshin Inna? To ba su tafi a banza ba. Ka san mutanen kamfani cin nama suke kamar kuraye, kuma ba sa taya. Abin da za su biya a kan wannan ya kai tsohuwa Kano ya dawo da ita, har da tsaraba."

"Ba tamu ba ce."

"Na sani. Ga tsaga nan a kunnen dama, ta gidan su Buba. Da wannan kunnen a jikinta ba mahaucin da zai sa mata wuƙa, ni ma ba zan sa ba." Ya rage murya. "Amma ai kunne ba shi ne saniya ba."

Ɗanladi ya dube shi.

"Ka yi karatu har bayan Jos, sai na fassara maka? Saniya mai kunne ɗaya ba ta da ubangida. Kunne marar saniya kuwa shaida ne. Ka cire shi ka shanya, ni in ja ta zuwa sansani. Ranar da Buba ya zo a miƙa masa, a ce fari ya ci ta. Wa zai musa? Ta wa fari bai ci ba?"

"Mutanen unguwa sun san tana raye."

"Masu sujadarku? Wanne ne a cikinsu yake so tsohuwa ta makance? Kuma shi Buban yana ina? An ce Binuwai, an ce Kamaru, an ce ƙasa ta rufe shi."

Da zai tafi ya bar wuƙarsa a kan danga, kamar mantuwa.

Jummai tana tankaɗe Ɗanladi ya tsuguna kusa da ita ya shimfiɗa mata maganar. Ya tsara ta da kyau, irin yadda yake tsara darasi. Ba ta dakatar da rariya ba har ya gama.

"In Buba ya zo in ce masa me?"

"Ki miƙa masa kunne. Ba sai kin ce komai ba."

"Wato kunne ya yi ƙaryar, ni in yi masa rakiya."

"Baba aka ba amanar nan. Baba ya rasu."

"Ni na riƙe igiyar sa'ad da ake kafa turken."

"Inna, ido ne fa."

"Na san ido ne. A fuskata yake."

Da ya ga ba ci gaba, ya je ya ɗauko Malam Istifanus, mai bisharar unguwar. Mutum ne mai sanyin hali, kuma a daren jiya Ɗanladi ya yi masa alkawarin kwanon rufin majami'a in kuɗi sun sake shigowa. Malam ya zauna a kan turmi, ya yi addu'a, ya tambayi jiki, sannan ya shiga maganar a hankali. Ya ce rai ya fi dabba. Ya ce ba cin amana ba ne in an sayar da niyyar ranar da Buba ya zo a saya masa wata.

"To kunnen na mene ne, Malam?" in ji Jummai. "In gaskiya za mu gaya masa, a kai ta karar shanu da kunnenta biyu, a sayar rana tsaka."

"Ai ba mai saye a haka."

"To ka gani."

"Ubangiji mai jinƙai ne, Jummai. Ya san halin da kike ciki."

"Ya sani. Shi ya sa makantar ba ta ba ni tsoro kamar yadda take ba ku." Ta ajiye rariya. "Kai ka tsaya a gabanmu da damina ka ce wanda bai riƙe kayan wani da gaskiya ba, kada ya sa ran a damƙa masa nasa. Na ji da kunnena. Ko ranar Lahadi kaɗai maganar take aiki?"

Ta ci gaba.

"An ɗauke min miji, ban zagi Allah ba. An ɗauke ido ɗaya, ban zage shi ba. Kada ku ɗauka ban ji zafi ba, na ji. Waɗannan duk ƙwace aka yi min, ba a tambaye ni ba. Abu ɗaya ya rage da ba mai iya ƙwacewa sai in ni na miƙa da hannuna. Shi kuka zo ku biyu kuna cewa in miƙa."

Malam Istifanus ya tashi ya kakkaɓe riga. "Ɗanladi, ni dai na gama. Ka nemi wata hanya." A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi babur ɗin, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya yi sallama ya wuce.

Ranar Lahadi Ɗanladi ya ce kansa na ciwo, bai je sujada ba. Ya jira har ya ji mata sun ɗauki waƙa, ana buga tulu da kacau-kacau. Ya ɗauko wuƙar Sada, ya taƙaita igiya, ya matse kan saniyar da turke. Bai iya ba. Yankan farko ya tsaya a rabi, Baƙuwa ta yi kuka ta fizge, ta maka shi da danga. Sai da ya sake sa wuƙar. Jini ya ɓata masa wando har gwiwa. Ya ɗebo toka a murhu ya danna a wurin, ya naɗe kunnen a takarda.

Da aka tashi Jummai ta shigo, ta wuce bayan ɗaki. Ta ɗora hannu a goshin saniyar, ta shafa ƙaho, ta gangaro. Hannun ya tsaya. Ta kai yatsunta hanci.

"Kai ne?"

"Ni ne. Aikin gama ya gama, Inna. Sada zai zo ya ja ta kashegarin kasuwar Gwaram. Kano kuma za ki je ko kina so ko ba kya so."

"Ba ni shi."

Ya miƙa mata. Ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗora ruwa a wuta, ta sa gishiri, ta wanke tokar da ya cusa, ta shafa man shanu a ciwon, tana yi wa saniyar magana ƙasa-ƙasa. Shi ba ta ce masa komai ba, ranar da kashegari. Ta ba shi tuwo, ya ci. Ya ɗauka ta sallama.

Ranar kasuwa da sassafe ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa sujada da shi, ta kwance Baƙuwa.

"Ina za ki da ita?"

"Kara."

"Inna, ba a kara za a sayar ba. Sada ne zai..."

"Wa ya ce maka sayarwa?"

Ta fita. Ya tsaya da buta a hannu, sannan ya ajiye ya tayar da babur ya bi ta. Ƙarar ta sa saniyar ta zabura har ta kusa kayar da tsohuwar, dole ya kashe ya sauka yana turawa. Haka suka tafi. Jummai tana riƙe da igiya, amma a gaskiya saniyar ce ke jan ta, ita ke kauce wa rami da kututture. A bayansu malamin makaranta yana tura sabon babur cikin rairayi da takalma masu tsini. Masu jakuna da mata masu tallan nono suna wuce su suna waiwaye.

"Ki tsaya mu yi magana."

"Ka yi, ina ji."

"Me za ki je ki yi?"

"Kai ka yi naka ba ka tambaye ni ba."

Rana ta ɗaga sosai kafin su shiga Gwaram. Karar ba ta cika kamar da ba, fari ya rage shanu, shi ya sa farar saniya mai tozo ta ja ido nan da nan. Dillalai suka yo kanta.

"Hajiya, kawo igiyar nan, ni ne naki."

"Ba Hajiya ba ce, Jummai ce ta gidan Shekarau. Kuma ba ta sayarwa ba ce. Ina Arɗo Maikano yake zama?"

Wani ya lura da kunnen, ya taɓa na kusa da shi. Suka ja baya kaɗan. Ta damƙa wa wani dattijon dillali igiyar, ta ce ya riƙe mata, aka nuna mata gindin tsamiya.

Arɗo Maikano shi ne babban Fulanin da ke zaune wajen Dingaya, kuma duk rigimar shanu a karar nan gabansa take ƙarewa. Yana kan buzu, dattawa kewaye da shi, Sarkin Fawa a gefe da mahautansa. Sada yana cikinsu. Da ya hango Jummai ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin takalmi.

Ta durƙusa ta gaida Arɗo, ya amsa, ya yi mata ta'aziyyar Shekarau ko da yake an daɗe. Ta kwance bakin zane, ta warware takardar, ta laluba gefen buzun ta ajiye kunnen.

Arɗo ya ɗauka ya juya shi a hannu. Ya bi tsagar da babban yatsa.

"Ta gidan su Buba ce. Farar nan da ya bar muku." Ya girgiza kai. "Allah ya mayar masa da alheri. Kin yi ƙoƙari, Jummai, mun ji labarin irin wahalar da kika sha da ita. Kin fita. Yaushe ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, ranka ya daɗe. Ga ta can tana korar ƙuda."

Dattawan suka juya gaba ɗaya. Dillalin ya jawo saniyar gaba, aka buɗa masa hanya. Ta tsaya a fili, kunne ɗaya a miƙe, ɗaya gefen dungu mai maiƙo.

Arɗo ya daɗe yana dubanta. "Wa ya yi wannan?"

Ɗanladi yana tsaye a bayan mutane, hannunsa a kan babur. Zai iya juyawa, ba wanda ya kula da shi tukuna.

"Ɗanladi," in ji Jummai. "Ɗana."

Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Kai" take ce masa, in tana maganarsa da wasu ta ce "wancan" ko "mai makaranta". Yau ya fara jin yadda sunansa yake a muryarta, a tsakiyar kara, cikin warin kashin shanu.

Mutane suka bi inda ta karkata kai, suka same shi.

"Matso, Malam," in ji Arɗo. Ya matso da babur ɗin, don bai san inda zai ajiye shi ba. "Me ya kai ka?"

Kafin ya buɗe baki Jummai ta amsa.

"Idona ne. So yake ya kai ni Kano. Ba ɓarawo ba ne, ranka ya daɗe, wawa ne mai albashi."

Wasu suka yi dariya. Arɗo bai yi ba.

"To me kike so a yi?"

"Kunnen nan ya zauna a hannunka. Kowa ya gani yau, mai kunnen tana raye. In wata rana an kawo wa Buba labarin ta mutu, a tambaye ni da bakina, don shaidar ta lalace. Kuma duk wanda ya ga farar saniya mai kunne ɗaya an kayar za a yanka, ya san ta wace ce."

Sarkin Fawa ya dubi mahautansa ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai ji."

"Ni wuƙa na manta a gidan mutane," in ji Sada, ba wanda ya tambaye shi. "Mantuwa ai ba laifi ba ce."

"Za mu yi maganar mantuwarka," in ji Sarkin Fawa.

Arɗo ya sa kunnen a aljihun rigarsa. Ya ce hukuncin ɓata tsaga na mai saniya ne, sai Buba ya zo, ko ya yafe ko ya nemi hakkinsa. Sannan ya sassauta murya.

"Jummai, ki bar ta a garkena. Yarana su kula da ita. Kin sauke nauyi, ba wanda zai ce kin gaza."

"Na gode. Amma ba kai ka ɗaure ta a turkena ba."

"In bai dawo ba fa?"

"Yana da 'ya'ya."

"In idon ya tafi, wa zai yi mata ciyawa?"

"Da hannu ake yankan ciyawa, ranka ya daɗe."

Wani tsoho a gefen Arɗo ya faɗi wata magana da Fillanci, sauran suka gyaɗa kai. Arɗo ya ce a kawo mata fura. Ta sha, ta yi godiya, ta karɓi igiyarta.

Suna fita daga kara Sada ya biyo Ɗanladi da sauri. Ya ɗan ja madubin babur ɗin da yatsa.

"Malam Ticha, ita wannan amaryar taka kunnenta biyu lafiya lau, kuma kai ne ubangidanta. Akwai wani direban kamfani da ke neman irinta."

"Sake min abu."

"Na sake. Gaya maka kawai na yi."

Suka bar gari, suka kama hanyar komawa. Rana ta take. Ƙafafun Ɗanladi sun yi kanta a cikin takalman.

"Kin kashe ni a gaban mutane," ya ce.

"Ban taɓa jin gawa tana tura babur ba."

"Don ke na yi."

"Na sani. Na faɗa musu ai."

"Da wane ido zan shiga Gwaram kuma?"

"Da biyun da kake da su. Ni da rabin ɗaya na shiga."

Da suka isa gida bai zauna ba. Ya ɗaure jakarsa da rediyonsa a bayan babur, ya tayar a tsakar gida da gangan, ya tafi Birnin Kudu ba sallama. Jummai ta mayar da Baƙuwa turke, ta duba ciwon, ta tsige gashin idonta, ta ɗora tukunya.

Mako ya wuce ba labarinsa. Matan unguwa suka kasu biyu. Wasu suka ce ta yi daidai, wasu suka ce ba uwar da za ta tona ɗanta a kasuwa saboda saniyar Bafulatanin da ƙila ma ya mutu. Wata ta faɗa mata a bakin rijiya. Jummai ta ce, "Ranar da aka ba ki amana ki yi yadda kika so," ta ɗauki tulunta. Ranar Lahadi Malam Istifanus ya yi wa'azi a kan dukiya, ya ce abin da ke hannun mutum aro ne, za a tambaye shi inda ya sa. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma ƙara tayar da zancen kwanon rufi ba.

Ɗanladi ya dawo a motar kasuwa, ya ƙaraso daga bakin hanya da ƙafa, da tsofaffin takalmansa. Ba babur, ba rediyo. Direban kamfanin ya san a matse yake, ya saya da arha. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta bai shiga ba.

"Jibi akwai mota zuwa Kano. Ki shirya."

"Wa zai zauna da Baƙuwa?"

"A kai ta wurin Arɗo."

"To ba inda za ni."

"Inna, na sayar da duk abin da nake da shi."

"Ban aike ka ba. Matar Malam ta san Kano, ita za ta raka ni. Kai ka zauna. Dusa da safe, ciyawa da yamma, ruwa kada ya yanke. Ciwon a wanke shi da gishiri."

Ya zauna. Ya aika wa hedimasta cewa zai makara da komawa. Baƙuwa ta ƙi yarda ya matso ta damanta, da ya zagayo ta hagu ta harbe shi a cinya. Daga ranar nan, da sanda yake tura mata ciyawa.

A Kano an yi aikin. Abin da gashi ya riga ya karce bai dawo ba, amma kartar ta tsaya. Jummai ta dawo tana rarrabe mutum da itace, tana ganin hanya da rana. Ta rataye matsefatar a jikin danga.

Ɗanladi ya koma Birnin Kudu kashegarin dawowarta. Labari ya riga shi isa. Yaran ajinsa suna kiransa Malam Mai Kunne a bayan idonsa, abokan aikinsa masu babura a gabansa. Bai zo gida da Kirsimeti ba.

Buba bai zo da damina ba, bai zo da kaka ba. Wani mai fataucin shanu ya ce ya ga mai kama da shi a wajen Wukari, wani ya ce ba shi ba ne.

Kowane ƙarshen wata buhun dusa yakan iso a motar kasuwa, ba saƙo, ba gaisuwa. Jummai takan kwance bakin buhun, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta murza, ta auna wa Baƙuwa. Sau ɗaya ta ba direban saƙo ya kai Birnin Kudu: a gaya wa mai makaranta an cuce shi a na wannan watan, rabi ƙaiƙayi ne, ya sake mai awo.